Muna da masu haɗa manhajar waya a Zango, aikin ne babu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana na Zango, musamman iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi masu kasuwanci a nan Ankara, babban birnin Gana, da can Kumasi. Ni sana'ata haɗa manhajar waya, irin wadda ake saukewa daga Play Store ko App Store, kuma ba jiya na fara ba, tun muna rubuta manhajar Android da yaren kwamfuta na Java kafin Google ya rungumi yaren Kotlin a 2017, kafin ma kayan aikin nan Flutter ya fito kowa ya koma kansa. Yanzu haka neman aiki nake. Kamfanin da nake yi wa aiki ya rage mutane saboda masu zuba kuɗi daga waje sun janye hannu, ba ni kaɗai abin ya shafa ba, kuma ba ƙarar kowa na kawo ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na duba na ga aikin da muke ta nema a wurin baƙi, rabinsa yana nan kwance a cikin kasuwanninmu ba mai taɓa shi.

Duk wanda ke cikin harkar nan ya san Gana ta yi suna. Makarantar fasaha ta MEST ta buɗe a Ankara tun 2008 tana horar da matasa, Google ya zo ya kafa cibiyar bincikensa ta AI a 2019, sannan a 2021 Twitter ya ce nan zai sa hedkwatarsa ta Afirka, wallahi lokacin mun yi murna sosai. Toh a Nuwamban 2022 bayan Elon Musk ya sayi kamfanin sai aka sallami kusan duk ma'aikatan ofishin Ankara, ko zama ba su gama yi a sabon ofishin ba. A wannan shekarar ce kuma sidi ya faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, ƙananan kamfanonin da ke biyan sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhaja a intanet, da dala suna karɓar kuɗi da sidi suka fara numfashi sama-sama. Daga nan fa kasuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Mutane sukan ce min ai ku naku mai sauƙi ne, ka zauna a ɗaki ka yi wa Turawa aiki a biya ka da dala. Eh ana yi, ni ma na taɓa yi. Amma guri ɗaya sai ka tarar mutane daga Indiya da Najeriya da Kenya da Masar duk suna layi a kai, a yi maka intabiyu hawa-hawa, a ba ka aikin gwaji na kwana da kwanaki, daga ƙarshe shiru ko amsa babu. In ma ka samu, ga dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ga kuɗin data, ga mai gida na jiran kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, duk wanda ke aiki da mutanen waje ya san irin kwanakin da muka gani, shi wanda ya ɗauke ka a Landan ba ruwansa da abin da ya faru a teku, aikinsa kawai yake so.

Na ji daɗi da Shugaba Mahama ya ƙaddamar da shirin One Million Coders na koyar da matasa haɗa manhaja a 2025, kuma ina ce wa ƙannena na unguwa su je su yi rajista, ilimi ba ya yawa. Sai dai tambayata ita ce, in an gama koya musu wa zai ɗauke su? Mu da muka daɗe muna yi muna zaune a fada muna shan ataya da laftof a jaka. Yaro sabon hannu sai ya zauna ƙarƙashin wanda ya riga shi ya ga yadda ake yi kafin ya zama gwani, in babu aiki a hannun manya toh su ma ƙananan babu inda za su koya.

Yanzu bari in zo kan iyayenmu. Ranku ya daɗe, ku ne ke riƙe da shanu a Tulaku, ku ne masu albasa da aka tayar daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, ku ne masu atamfa da leshi a kasuwar Nima da Makola da Kejetia, ku ne masu manyan motoci da ke bin hanyar Tamale da Bawku har Wagadugu da Yamai. Kuɗi masu nauyi ke wucewa ta hannunku kullum, amma har yau lissafin yana cikin littafi mai bangon kwali, ko a kan yaron shago, ko a cikin saƙon murya na WhatsApp da sai an yi ta nema. Bashi ya ɓace, mai adashi ya rasu ba a san wa ya zuba wa bai zuba ba, direba ya ce ya kashe kaza a hanya ba shaida. Makarantun Islamiyyarmu ma haka, malami na bin iyaye gida-gida kan kuɗin wata. Wannan duk aikin da muka iya ne, kuma MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta riga ta share hanya, tun 2009 MTN ta kawo ta, tun 2018 ana tura kuɗi daga wannan layi zuwa wancan, harajin E-levy da ya sa wasu suka ja baya ma an soke shi a 2025. Ko Hajiya mai koko da ƙosai yanzu tana da lamba a jikin teburinta.

Amma abin da ke ci min rai shi ne yadda ake ɗaukarmu in an zo. Sai a ce ai ɗan gidan wane ne, ya iya kwamfuta, kira shi ya yi mana. Ka zauna ka saurara ka zana komai, da ka faɗi kuɗi sai fuska ta canza, a ce haba ɗana, ni da babanka fa tare muka taso, yi mana don Allah. Bayan wata biyu ka ji an kai aikin wani ofishi a East Legon an biya ninkin abin da ka ce ba ko tayi. Alhaji, Apple na karɓar dala 99 duk shekara kafin ya bar manhajarka a shagonsa, Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, manhajar iPhone ba ta haɗuwa sai da kwamfutar Mac, sabar kuma duk wata ne. Sannan manhaja kamar motar haya take, ba a saye a ce an gama, sai da sabis, domin duk shekara Google na ɗaga sharaɗinsa, wadda aka bari ba gyara sai ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Shi ya sa wanda ya ce zai yi maka a sati ɗaya da kuɗin shayi, gobe in ta tsaya ba za ka same shi a waya ba.

Kuma ƙwarewa ba yawan rubutun manhaja (code) ba ce, yanzu ko ChatGPT zai rubuta maka shafi guda cikin minti ɗaya. Ƙwarewa ita ce ka san mutanenka Tecno da Itel suke riƙewa, masu ƙaramin wuri, don haka manhajar kar ta yi nauyi kar ta cinye data. Ka san a cikin kasuwa netwok na ɗaukewa, don haka ta ci gaba da aiki ba intanet, in ya dawo ta aika da abin da ta ajiye. Ka san me za a yi in an cire wa mutum kuɗi a MoMo amma saƙon bai iso ba, kar a cire masa sau biyu, kar kuma a ce bai biya ba, wannan kaɗai ya isa ya raba mai shago da kwastomansa na shekara da shekaru. Ka san iyayenmu mata da yawa ba sa karanta boko amma suna ji da kunne sarai, sai ka sa murya da Hausa da manyan hotuna, wasu ma USSD ya fi musu, irin yadda suke danna *170#. Ka kuma san akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, ba a kwasar lambar Ghana Card ɗin jama'a a zube ta ko'ina. Wanda bai taɓa tsayawa a kasuwar Nima ranar Laraba ba, da wuya ya san waɗannan, mu kuwa a ciki aka haife mu.

Ba ina cewa kowane mai shago ya yi manhaja ba, a'a. Wani WhatsApp Business ma ya ishe shi, kuma in ya tambaye ni haka zan gaya masa ba zan karɓi sisinsa ba. Amma ƙungiya fa? Ƙungiyar masu albasa, ta mahauta, ta direbobi, ta masu adashi, in kowa ya sa kaɗan za su iya ɗaukar mutum biyu ko uku aiki na dindindin da albashi, su kuma su ɗauki yara biyu suna koya. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ya yi magudanan ruwa da filayen ƙwallo, mun gode, ina roƙon a duba wannan ɓangaren ma, in za a ba da kwangilar manhaja ko ta rajistar makarantu a fara tambaya ko akwai masu yi a Nima da Mamobi da Madina da Aboabo da Asawase. Sarakunan Zango da limamai su ma su sa baki, maganarsu tana da nauyi a wurin 'yan kasuwa fiye da tamu.

Ni dai a shirye nake, ko kamfani ne ko ƙungiya ko mutum ɗaya. Ina yin Android da iPhone duka, na haɗa biyan kuɗi ta MoMo da kati, na kuma jagoranci ƙananan ma'aikata. Duk mai buƙata ya bi ta hannun Malam Edita, zan zo har shago ko tasha in nuna ayyukan da na yi a waya, in ga yadda ake lissafin yanzu, sannan mu rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗin aiki daban na gyaran wata-wata daban.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai haɗa manhajar waya,
Nima, Ankara, Gana.