Wuta tana kashe funfuna amma bata kashe gubarta

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a dan bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Kwanakin baya naga tumatir yayi bakin tabo a kicin nace a zubar, sai uwargida tace haba maigida ai yanke wurin za'ayi, sauran kuma wuta zata kashe komai. Na san ba ita kadai ke wannan tunanin ba shi yasa na dauko alkalami. Eh, wuta tana kashe ita funfunar, amma gubar da ta riga ta zuba a ciki tana nan daram, don irin wadannan gubobin suna jure zafi sosai, ruwan tukunya kuma a digiri 100 yake tafasa, kadan yake rage musu ko da an dade ana dahuwa.

Shi bakin tabon tumatir yawanci funfunar Alternaria ce kuma tana da nata dafin. Amma wadda tafi bani tsoro itace Aspergillus flavus mai son dumi da danshi, ita ke kama barkono da sauran kayan da aka shanya basu gama bushewa ba aka yi gaggawar durawa a buhu, kuma ita ke fitar da wata guba mai suna aflatoxin. A 1960 aka fara gano wannan guba a Ingila bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu ta dalilin abincin gyada da aka kawo daga Brazil, a 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda gurbatacciyar masara. Hukumar binciken cutar kansa ta WHO ta saka aflatoxin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, ita kansar hanta take jawowa, in kuma dama mutum yana da ciwon hanta nau'in B to ga mari ga tsinka jaka kenan, hadarin ninkuwa yake. Abin haushin ma bata da wari bata da daci, da zarar an nika barkonon ya zama gari shikenan babu idon da zai gane, a hankali take cin hanta shekara da shekaru.

Masu tauri irinsu karas da kabeji ana iya yanke wurin da ya lalace a hada da kamar santimita 2.5 na kewayensa, a kula kada wukar ta taba funfunar. Masu ruwa-ruwa kuwa, tumatir da kokwamba, zubarwa ake gaba daya, saboda jijiyoyin funfunar sun ratsa ciki inda ido baya kaiwa. Kuma don Allah kada a ce bari a ba dabbobi don kar ayi asara, aflatoxin tana fitowa a madarar saniyar da ta ci.

Malam Edita ku taimaka ku nemo mana masana suyi bayanin yadda ake shanya da ajiya a wannan shafi, watakila uwargida tafi yarda dasu, don har yau bata yafe min tumatir din nan ba.

Naku,
mai karatu a kullum.