A duba sukari da bauri kafin a ɗora kwalbar inabi a teburin biki

Ranka ya daɗe Edita,

Muna neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin jan hankalin masu shirya walima da ma'aikatan otal kan wani kuskure da ke maimaita kansa duk lokacin bukukuwa. Sai a kwana ana girki, a kashe kuɗi a kan nama, amma abin sha kwalba iri ɗaya za a jera daga farkon ci har ƙarshensa, ita ma an zaɓe ta ne don kyan launi ko tsada. Maganarmu a kan inabi marar barasa ce, kodayake ƙa'idar haɗa shi da abinci ɗaya ce da wadda masu hidimar teburi a Faransa da Italiya suke bi.

Kwalaben iri biyu ne, kuma ba kowa ke bambance su ba. Akwai tataccen ruwan inabi da bai taɓa ruɓa ba, wani lokaci a sa masa gas. Wannan sukarinsa yakan kai giram 150 a lita. Akwai kuma wanda aka bari ya zama giya tukuna, sannan aka zare barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Celsius, amma idan aka zuƙe iskar tukunyar da ake ɗumama giyar a ciki takan fita a wajen digiri 30, don haka ƙanshin ba ya ƙonewa. Tun farkon ƙarni na 20 ake wannan aiki a Jamus. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira shi wanda aka cire wa barasa muddin saura bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Wanda ba ya son ko ɗigo, ya karanta bayan kwalba da kyau, ya san kuma cewa ko wanda aka rubuta barasarsa kashi 0.0 ce yana iya kasancewa ta hanyar giya ya biyo. Mai gida ya gaya wa baƙinsa wanne ne a gabansu, hakkinsu ne.

Abin da ake dubawa shi ne miya ko romon da ke kan naman, da yawan maiƙonsa. Gasasshen naman sa ko na rago mai kitse yana son jan inabi mai bauri, irin wanda ake yi da nau'in inabin da ake kira Cabernet Sauvignon. Baurin daga ɓawo da ƙwallon inabi yake fitowa, shi ne ke kama miyau ya bar baki a bushe. Kitse da nama suna kwantar da shi, shi kuma ya wanke maiƙon daga harshe, loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Amma a kai wannan kwalbar gaban kifi, sai ƙarni ya taso, a ji kamar an lashi ƙarfe. A kai ta gaban abinci mai barkono, yajin ya ninku, ɗaci ya biyo baya. Kifi da duk abin da aka soya a mai suna son fari mai tsami, irin Sauvignon Blanc, ko mai gas, domin aikin da lemon tsami ke yi a kan soyayyen kifi shi tsamin yake yi. Abinci mai yaji kuwa fari mai ɗan zaƙi da sanyi yake so, Riesling ko Muscat.

Talotalo da kaza sun fi rikitarwa, saboda ƙirjinsu ba shi da kitse. Ja mai nauyi zai danne su, naman ya ƙara bushewa a baki. A nemi ja marar nauyi kamar Pinot Noir, ko inabi mai launin ruwan hoda. Agwagwa tana da maiƙo, ita ma tsami take buƙata.

Babbar matsalar inabi marar barasa a ganinmu sukari ce. Da an zare barasa sai ya zama tsararo, shi ya sa kamfanoni da yawa suke ƙara zaƙi don cike gurbin. A kwalba akan rubuta sukari a kowace mililita 100. Idan ya haura giram 5, zai ginshi mutum kafin ya kai rabin faranti. Tataccen ruwan inabi, in shi kaɗai ake da shi, a sirka shi rabi da rabi da ruwan soda marar zaƙi, a matsa lemon tsami kamar cokalin shayi ɗaya a kofi. A wajen kek da sauran kayan zaƙi ne kawai lissafin ke juyawa: dole abin sha ya fi abin ci zaƙi, in ba haka ba sai a ji shi tsami zalla.

Sanyi ma yana ɓata aiki. Mai gas digiri 6 zuwa 8, wato awa uku a firji. Fari 8 zuwa 10. Ja kuwa a ba shi rabin awa a firji, domin da ɗumi zaƙinsa ke fitowa fili. Kada a jefa ƙanƙara a kofi, narkewa za ta yi ya zama lami. A tsoma kwalbar a bokiti, rabi ƙanƙara rabi ruwa, minti 20 ya isa.

Kwalba mai mililita 750 tana ba da kofi biyar na mililita 150. Baƙi goma, kowa kofi biyu, kwalba huɗu ke nan, a ƙara ɗaya saboda ɓari da masu neman ƙari. A fara da mai gas, a bi da fari, sannan ja, mai zaƙi ya zo ƙarshe. A riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, tunda babu barasar da za ta tsare shi daga lalacewa. Wadda aka buɗe a rufe ta a mayar firji, a shanye cikin kwana biyu ko uku.

Mun gode da ba mu dama.

Naku,
Wasu malaman koyar da aikin otal da hidimar abinci