Firgitar da ke tashinka daga barci

Gusau, Jihar Zamfara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abokina kuma ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a can Fatakwal. Mu nan sai godiya, illa zafin bazara da ya matsa mana, ko dare ba ya sassautawa. Na leƙa gidanku bayan saukowa daga masallacin Juma'a, na iske Inna ta samu sauƙin ƙafar nan, tana ta tambayar yaushe za ka zo.

Saƙon muryar da ka turo na saurare shi da kyau, sai na ga amsarsa ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne mafarkin ba wani mugu ba ne. Ka gan ka a kasuwar Tsafe kana ciniki, ko kana bin Baba zuwa gona, Allah ya jiƙansa. Babu mai korarka, babu jini, babu maciji, amma sai ka farka gabanka na dukan uku-uku, gumi ya jiƙa riga, kana jin kamar rai ne zai fita. Ka kuma ce wani a can ya gaya maka jifa ce daga gida. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi tayar mini da hankali.

Abin da aikin jinya ya koya mini, da abin da na karanta, shi ne sau da yawa tsoron ba daga mafarkin yake fitowa ba. Jiki ne yake fara razana saboda wani dalili nasa, razanar ta tashe ka, hankali ya waiwaya neman mai laifi, bai iske kowa ba sai mafarkin da ka baro yanzun nan. Sai a ɗora masa.

Barci hawa-hawa ne. Mutum yana farawa da mara nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, sannan ya shiga wani kashi da idanunsa ke ta kai-komo a ƙarƙashin fata alhali a rufe suke. Zagayen kan ɗauki kamar minti 90, ya sake somawa, sau huɗu zuwa shida kafin gari ya waye. A shekarar 1953 ne wasu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, suka bayyana wannan barcin motsin ido, suka kuma lura cewa in aka tada mutum a cikinsa galibi zai ce mafarki yake yi. Shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na barcin baligi. Na farkon dare gajere ne, amma na gab da asuba yakan kai rabin awa ko fiye. Shi ya sa mafarkan da muke tunawa yawanci na wajen kiran assalatu ne.

To a cikin wannan barcin, ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda ke a farke, sai dai ba duka sassanta ba. Akwai wani ɗan sashe can ciki da ake kira amigdala, shi ke kula da tsoro da shirin gudu, kuma a lokacin mafarki yana cikin masu tsananin aiki. Shi kuwa sashen bayan goshi, wanda ke auna abu ya ce wannan ba komai ba ne, aikinsa yana ja da baya. Bugun zuciya da numfashi ba sa tafiya daidai, su yi sauri, su lafa, su sake zabura, ko da mafarkin na sayen albasa ne. Ka ɗauka mai gadi ne a bakin ƙofa da usur a baki, mai gida kuma yana barci: da ya ji motsi zai busa, bai tsaya duba ko ɓarawo ne ko akuyar maƙwabta ba. Idan wani abu ya fizgo ka daga barci a daidai wannan gaɓar, za ka farka da busar usur a jikinka kafin mai auna magana ya gama wartsakewa. Ga kuma sinadarin kotisol, wanda jiki ke ƙara saki tun dare ya raba don shirin tashi, ga adiranalin da ke zuba da zarar an razana. Zuciya ta buga, hannu ya yi rawa, baki ya bushe.

A nan ne ma dannau yake samun mutane. A barcin mafarki Allah ya sa gaɓɓai suna saki, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai ka ji ka a kwance kana ganin ɗaki, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, ƙirji ya yi nauyi, har wani ya ga kamar mutum a tsaye a kansa. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci, yana sakin mutum da kansa. Ya fi kama mai kwanciya rigingine da wanda bai samu isasshen barci ba.

Akwai kuma firgitar da ba ruwanta da mafarki sam. Takan zo a sa'o'in farko na dare, lokacin da mutum ke gangarawa cikin barci mai nauyi, ya zabura da matsanancin tsoro, abin ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci sannan ya fara sauka. Don haka ina so ka lura da ƙarfe nawa abin yake tashinka, domin na sha biyun dare daban, na huɗun asuba daban.

Wani masanin Faransa na ƙarni na 19, Alfred Maury, ya ba da labarin yadda ya yi dogon mafarki an kama shi zamanin juyin juya halin ƙasarsu, an yi masa shari'a, an kai shi za a fille masa kai. Da wuƙar ta sauka sai ya farka a gigice, ya iske wani sashen gadonsa ne ya faɗo masa a wuya. Abin da ya taɓa jiki ne ya kutsa cikin mafarki. Haka fitsari ke yi, haka sanyi, haka ƙarar ƙofa.

Shi ya sa nake so mu fara binciken daga jikinka. Tun muna makarantar kwana kai mai minshari ne, kuma a hoton sallah da ka turo na ga ka ƙara jiki. Akwai masu minsharin da maƙogwaronsu ke toshewa a cikin barci, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da su don su ja numfashi. Ga mai shi, abin da ya sani kawai ya farka a firgice yana haki. Wannan toshewar ta fi tsanani a barcin mafarki saboda sakin da gaɓɓai ke yi, kuma in an bar ta tana jawo hawan jini. Ka tambayi waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko sun taɓa jin minsharinka ya yanke ɗif, sannan ka ja dogon numfashi kamar wanda aka shaƙe. In da rana kana yawan gyangyaɗi a shago, ko kana tashi da ciwon kai, ka gaya mini.

Sauran abubuwan ka san su. Cin abinci mai nauyi da yaji a kwanta nan take yana tado ƙwannafi, shi ma yana shaƙe mutum cikin dare. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzarin nan duk akwai sinadarin kafin mai hana barci a cikinsu, wanda bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini, ka ga goron bayan isha'i har tsakar dare yana tare da kai. Zazzaɓin cizon sauro yana yi. Mai ciwon suga da ke shan magani, in sugansa ya faɗi cikin dare, gumi da bugun zuciya ne ke tashinsa. Wasu magungunan hawan jini da na zazzaɓi suna tsananta mafarki. Sannan don girman Allah, in kuna kunna janareta kusa da taga ko a baranda, ku nisantar da shi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana sa ciwon kai da bugun zuciya, tana kuma kashe mutane a cikin barci.

Amma ni da kai mun san akwai abin da ya fi waɗannan duka nauyi. Ba kasuwanci kaɗai ya kai ka Fatakwal ba. Ka kwana a daji da yara a daren da 'yan bindiga suka shigo garinku, ka yi watanni kana barci da kunne ɗaya, takalmi a kusa da kai. Ido yana rufewa in an yi barci, kunne ba ya rufewa, kuma jikin da ya koyi cewa ƙarar babur da dare tana nufin mutuwa ba ya mantawa don kawai an sauya gari. Mota ta wuce a titi, ko wani ya buga ƙyaure, kai kana can cikin mafarkin gona, sai jikin ya zabura kafin ka san me ya faru. A wurin aiki ina ganin matan da suka gudo daga ƙauyukan Maru, Anka da Zurmi, wasu a kangaye suke kwana a nan Gusau. Kukansu ɗaya ne: faɗuwar gaba, rashin barci, firgita cikin dare. A auna jini lafiya, a auna zazzaɓi babu. Sai an zauna da su a natse sannan labarin yake fitowa, wata ma shekara ta yi ba ta faɗa wa kowa abin da ta gani ba.

Kuma wannan mafarkin da kake kira na banza, a wurinka ba na banza ba ne. Kasuwar Tsafe da hanyar gonar Baba su ne abin da aka raba ka da su da ƙarfin bindiga. Ko babu wanda ya fito da makami a cikin mafarkin, zuciyarka ta san me ya biyo bayan waɗancan kwanakin. Kewa da tsoro a wuri guda suke zaune a ranka. Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba ne, kada ka bari kowa ya ce maka haka.

Game da mai maganar jifa, ban yarda da shi ba, kuma ina roƙonka kada ka ba shi ko sisi. Mutumin da bai tambaye ka me kake ci ba, bai tambayi yadda ka baro gida ba, ya tsallake duka ya nuna maka danginka. Na ga gidajen da irin wannan zato ya wargaza, wa da ƙani ba sa ga maciji, alhali hawan jini ne ke damun mutum. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, baƙanta rai daga Shaiɗan, da abin da mutum ke saƙawa a ransa. Naka, a ganina, ya fi kama da na ukun. Kuma ya koya mana abin yi in mun ga abin ƙi: tofi sau uku ta hagu, neman tsarin Allah, sauya gefen kwanciya, tashi a yi salla, da barin ba kowa labari. Ka riƙe Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kafin ka kwanta. Da bakinka za ka karanta, ba ka bukatar ɗan tsakiya.

In abin ya tashe ka, ka miƙe zaune, ka sauke ƙafa ƙasa, ka ja numfashi ta hanci a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ka faɗa wa kanka inda kake da ranar da ake ciki. Alwala da ruwan sanyi tana taimakawa ƙwarai, domin sanyi a fuska yana rage gudun zuciya. Kada ka ɗauki waya. Na san halinka da bibiyar labarin gida a Facebook da WhatsApp, amma bidiyon hari da ƙarfe ukun dare ba abin da zai ƙara maka sai wata firgitar gobe. Ka bar dubawa sai rana ta fito. Kuma kada ka je kemis a ba ka ƙwayar barci irin su diyazefam ba da takardar likita ba. Jiki yana sabawa da ita, tana ƙara wa mai minshari toshewar numfashi, ranar da ka daina kuma firgitar ta dawo fiye da da.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da ka farka, abin da ka ci, da goro nawa ka tauna, na tsawon mako biyu, ka kai wa likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal ko wani babban asibiti. A auna hawan jini, suga, bugun zuciya, da ƙwayar wuyan nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don in ta yi yawan aiki ita ma tana sa faɗuwar gaba. Ka kuma faɗa masa labarin daren nan, kada ka ɓoye. In ya tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa ka je. Mutanenmu da sun ji an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato sai su ce hauka, alhali da yawan masu zuwa can damuwa da rashin barci ne ke kai su, kuma ana samun sauƙi, wani da zaman tattaunawa kawai. Amma in ka ji ciwon ƙirji yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya gagara sai ka zauna, ko ƙafafu suka kumbura, ko ka suma, wannan ba ya jiran mako biyu. A daren za ka tafi.

Ban gaya wa Inna komai ba, na bar maka wannan. Ka tambayi abokan ɗakinka maganar minsharin yau ɗin nan, ka kira ni da amsar, in ka yi awon kuma ka ɗauki hoton takardun ka turo. Uwargida tana gaishe ka, yara ma haka. Ka miƙa gaisuwata ga mutanenmu na can baki ɗaya. Allah ya ba ka lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Wassalam.

Naka har kullum,
Abokinka na Gusau