Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Matasan Garinmu Kan Aikin Majalisar Dagaci

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranar gaisuwar Sallah a ƙofar gidan Dagaci ka miƙe a bainar jama'a ka yi tambaya cewa, in ban da tarbar baƙi da zaman ɗaurin aure, mene ne aikin majalisar Dagaci daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, kuma ina kuɗin garin nan suke shiga? Dattawa da dama sun ji zafin maganar, har wasu suka kira ta rashin kunya, amma ni da nake riƙe da littafin majalisar nan tun kafin a yaye ka ban ga aibunta ba. Na yi shiru a ranar ne saboda Dagaci yana zaune, kuma ba a mayar da magana a gabansa sai da izininsa. Yanzu ya ba ni izini, kuma tunda a fili ka tambaya, a fili zan amsa.

Zan fara da kuɗi, domin a nan zargin ya fi nauyi. Kakanka ya ga zamanin da dagaci yake tara haraji da jangali ya miƙa wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan lokaci, kuma har yau wasu suna yi mana kallon masu riƙe da wannan jaka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mulkin karkara daga hannun En'e, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon ba da filin karkara ga ƙaramar hukuma, sannan a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa. Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, irin su kasuwa da tasha da maƙabarta da rajistar haihuwa, amma bai ba dagaci ko mai unguwa aiki ko guda ba. Kason da ake rabowa daga Abuja duk wata na ƙananan hukumomi 774 ne, 27 daga cikinsu a jiharmu, kuma a kansa ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan su kai tsaye. Saboda haka rabin tambayarka ta kansilanmu ce da ciyaman, kuma ina ba ka shawara ka kai musu ita da irin muryar da ka kawo mana. Abin da ke shiga littafinmu bai wuce karo-karon da ku da kanku kuke bayarwa ba.

Shekararmu ba a watan Janairu take kamawa ba, da bazara take kamawa, lokacin da aka fara sharar gona, domin a lokacin ne rigimar iyaka take tashi. Da asuba za ka gan mu, Dagaci da Liman da Sarkin Noma da mai unguwar masu rigimar, muna bin bayan wani tsoho da ya san inda kututturen tsamiya yake a da. Bara wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, suka kusa fitar wa juna da jini a kan kunya uku, saboda an ciro tushen gamba daga iyaka an dasa shi taku biyu gaba. Sarkin Noma ya durƙusa ya tona gindin gambar da hannunsa, ya nuna wa kowa cewa saiwarta ba ta riga ta kama ƙasa ba, kuma daga nan babu wanda ya ƙara cewa uffan. Da maganar ta kai kotu, da kuɗin mota kaɗai ya fi abin da kunya ukun za su bayar, kuma da 'ya'yansu sun gaji gabar. Irin wannan aiki idan ya yi kyau ba a jin labarinsa, shi ya sa kuke ganin kamar zaune muke.

Damina kuwa ita ce ke hana mu barci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya sauya hali. A da yakan cika da damina ya janye da rani, yanzu kuwa ruwa ba ya yankewa sosai, wannan ya ba ciyawar kachala damar kafuwa ta toshe hanyoyin ruwa, sai ruwan ya rasa mabi ya nufo gonaki da gidaje. Ka ga abin da ya faru a 2020 da 2022 a yankin Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Guri, ba sai na ba ka labari ba. Tun kafin marka ta kankama majalisa take zama ta raba jinga tsakanin unguwanni, mai shela ya zaga gari, kowane gida ya fitar da mutum guda da shebur ko kwando, a nemi buhunan da za a ɗura ƙasa daga sakatariya, in ba a samu ba a yi karo-karo a saya. Idan ruwa ya kawo bakin jinga sai a shiga kwanan gadi da tocila, kuma ba ruwan kaɗai ake gadi ba. Duk tsawon da muka ƙara wa tamu jingar, ruwa ne muka tura wa garin da ke ƙetare, su ma haka, saboda haka a kowane ɓangare akan sami wanda zuciya za ta raya masa ya je cikin dare ya fasa ta maƙwabta. Zaman da Dagaci yake yi da takwaransa na ƙetare, wani lokaci a gaban Hakimi, don a amince da inda za a buɗe wa ruwa hanya da kuma wanda zai haƙura da gonarsa, shi ne mafi wuyar aikin shekara, domin duk inda aka nuna, shinkafar wani ce a wurin. A cikin kachalar nan kuma tsuntsayen jan baki suke kwana, kuma iyakar ƙarfinmu a kansu shi ne mu kai rahoto da wuri mu yi ta bibiya.

Da kaka sai maganar dabbobi. Majalisa takan zauna da Arɗo a tsayar da ranar da za a saki gonaki, manomi ya san wa'adin kwashe amfaninsa da harawarsa, makiyayi ya san ranar da zai shigo kiwon kara. Namu Fulanin na gida ba su cika karya wannan ba, domin tare muke cin kasuwa, wahalar tana ga baƙin da ke gangarowa daga arewa, har daga Nijar, waɗanda ba su ji shelar ba. Idan an yi ɓarna mukan je da wakilin manoma da na makiyaya a ƙiyasta a biya tun zuciya ba ta ɓaci ba. A wannan lokaci ne kuma ake tunatar da masu gona zakka, dami ɗaya cikin goma ga wanda ruwan sama ya shayar da gonarsa, rabin haka ga mai ban ruwa, kuma masu unguwanni ne suka san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba.

Sauran ayyukan na rani ba sa buƙatar dogon bayani: gyaran fanfon tuƙa-tuƙa, shaidar ɗan gari ga mai neman makaranta ko aiki, sanin baƙon da ya sauka da gidan da ya sauka, da raka masu rigakafi gida-gida, wanda ba don masu unguwanni sun tsaya a kansa ba da ba a kai ga sanarwar 2020 ta kawar da cutar shan inna daga ƙasar nan ba.

Amma ba zan yi adalci ba idan na tsaya a nan, domin akwai laifin da yake namu. Burtalin da ya ratsa gabashin gari, wanda a ƙuruciyata garke biyu suke wucewa a cikinsa ba su gogi juna ba, yau amalanke da ƙyar take bi, kuma a gabanmu aka yi ta cin sa kunya bayan kunya muna kawar da kai saboda masu cin namu ne. Mun matse wa saniya hanya, sannan muna mamakin ganin ta a cikin gero. Haka kuma cinikin gona da ake yi a zauren Dagaci, akwai ɗan abin da ake ajiyewa na shaida wanda bai taɓa shiga littafina ba, kuma ina ganin ya kamata a ƙayyade shi a rubuta. Karo-karon buhuna da na fanfo ina rubuta su, amma ban taɓa karanta lissafin a gaban jama'a ba. Sannan babu mace ko ɗaya da take zama tare da mu, har matar da mijinta ya rasu sai ta nemi ɗan'uwa namiji ya shigar mata da kuka, alhali wani lokacin shi ne wanda take kuka da shi.

Na gabatar wa Dagaci waɗannan abubuwa huɗu, ya amince a fara da biyu. Za a karanta lissafin karo-karo bayan sallar Juma'a idan an gama aikin jinga, kuma kafin shukar bana za a taka burtalin nan daga mashaya har iyakar garin gaba, tare da Arɗo da masu gonakin da ke gefensa, a kafa alama. Muna buƙatar samari biyu ko uku masu rubutu da za su riƙe igiyar awo, domin gwiwoyina ba za su kai ƙarshen hanyar ba. Ka zo da su, kuma ka sani tun yanzu cewa gonar baffanka tana cikin waɗanda suka shiga burtalin.

Wassalam.

Naka,
Magatakardan majalisar Dagaci