Zuwa ga Edita: A gama littafin tukunna kafin a fara tara masoya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara ɗaukaka. Dan Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan taku, magana gare ni a kan ƙannenmu da 'ya'yanmu masu rubuta labari a waya, sannan ku ma akwai roƙon da zan yi muku in na zo ƙarshe.

Duk wanda ke cikin gurup-gurup ɗin marubuta a WhatsApp ko Facebook ko yake leƙa Wattpad ya san yadda harkar take tafiya yanzu. Yarinya ce labari zai faɗo mata yau, gobe ta raɗa masa suna, jibi an haɗa mata bango an sa hoton wata 'yar Indiya tana hawaye, kafin sati ya zagayo an saki fej na ɗaya, alhali ita kanta mai labarin in ka ritsa ta ka ce ina zai ƙare wallahi ba ta sani ba. Daga nan kuma sai a shiga tsere, dole a kwana ana taifin da babban yatsa ana lallaɓa caji a saki da sassafe saboda mutane na jira, in aka yi kwana biyu shiru sai saƙonni su fara shigowa, Anti lafiya kuwa, Anti mun ƙagu fa, Anti dan girman Allah kar ki bari ya auri waccan muguwar. To ita ma mutum ce, daɗin abin sai ya ɗebe ta, labarin da ya kamata ya tsaya a fej talatin sai ka gan shi ya haura ɗari don masoya sun ce kar a gama, yaron da aka ce mana maraya ne tun farko sai ga babansa ya sauka daga jirgi a tsakiyar littafi babu wani bayani, ita kuma jarumar da aka ce tana aji uku a sakandare bayan wata shida ta zama likita. Ba wai basira ce babu ba, akwai ta sosai, wasu yaran nan in suka tsara maka hirar uwar miji da suruka sai ka rantse a tsakar gidan kake zaune. Matsalar kawai babu wanda ya taɓa ce musu rubutun farko ba shi ake kai wa mutane ba.

Ni abin da nake so su gane, yabon masoya daban, gyara daban. Wadda ta turo miki hoton zuciya guda goma da Allah ya ƙara basira ta kyauta, amma ba ta faɗa miki komai a kan labarinki ba. In kina so rubutu ya zame miki sana'a ta shekara ashirin ba tashen wata uku ba, kina buƙatar mutum ɗaya ko biyu da ba sa jin nauyinki, waɗanda za su iya ce miki babi na huɗu gaba ɗaya a cire shi ba ya aikin komai, kuma ki iya haɗiye maganar ki kwana da ita ba tare da kin yi musu habaici a sitatus ba cewa mahassada sun fara.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne, da haka aka faro. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga yana neman malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da boko, aka yi gasa, a cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana saurayi ɗan shekara 22 yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Da aka ga yana da hannu ba cewa aka yi shikenan ya iya ba, a 1936 sai da aka ɗauko shi aka kawo shi Zariya ya yi wata shida a zaune ba abin da yake sai rubutu, ana dubawa ana gyarawa, a nan ne Magana Jari Ce ya fito. Kuma Imam ɗin nan makaranci ne na gaske, labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa duk ya bi su, sannan ya zo ya sake ƙera su suka zama na Hausa har yaro a Kazaure zai karanta bai taɓa zargin daga wata ƙasa tushen labarin ya taso ba. Yanzu fa? Sai ka tambayi mai littafi bakwai a intanet me ta karanta a bana ta ce ai ita ba ta karanta na kowa don kar a ce ta yi satar fasaha. Haba dai. Wanda bai karanta ba shi ne ma ya fi saurin maimaita abin da aka riga aka yi sau dubu, shi ya sa kullum attajirin saurayi ne mai girman kai da 'yar talakawa mai tsiwa, a buge ta da mota a fej na biyu a aure ta a fej na arba'in.

Yaron da aka kai shagon tela ba ranar ake miƙa masa almakashi da shadda ba, sai ya daɗe yana sa maɓalli yana guga yana kallon yadda maigida ke yanka, ya ɓata ƙyallaye masu yawa waɗanda ba wanda zai gani. Marubuci ma yana buƙatar irin ƙyallayen nan, wato rubutun da ya yi don koyo kawai ba don a gani ba. Ni shawarar da nake ba duk wanda ya turo min aikinsa ita ce ya ware lokaci ɗaya a rana da ya san nasa ne, ko bayan sallar asuba kafin gida ya tashi ko bayan isha'i, ya kashe data, ya rubuta ko shafi ɗaya ne, ranar da yake jin daɗi da ranar da ba ya ji, don masu jiran sai ilhama ta sauko su ne za ka tarar da littafi biyar a wayarsu duk an fara ba a gama ko ɗaya ba. In ya kai ƙarshe ya ajiye shi ya manta da shi na ɗan lokaci, sannan ya dawo ya karanta da ƙarfi, da baki, kamar yana karanta wa wani a rediyo. A nan ne zai ji inda hira ta yi kama da wa'azi, da inda tsohuwar ƙauye take magana kamar 'yar jami'a, da inda ya maimaita ta saki ajiyar zuciya sau ashirin. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Sai maganar ƙa'idojin rubutu, wadda da ka taɓo ta sai a ce kai ɗan boko ne mai tsaurin ra'ayi. Raba kalma da haɗe ta, da haruffa masu lanƙwasa, da aya da waƙafi, ba ado ba ne, su ne suke sa mai karatu ya manta da cewa karatu yake ya nutse cikin labari. Yanzu kowace waya ana iya sa mata allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ kyauta, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito tun 2006, ba wani uzuri. Kuma duk wadda take mafarkin shiga gasa irin Hikayata da BBC Hausa ta faro a 2016 domin mata marubuta, ta sani can gajeren labari ake nema mai iyakar kalmomi, alƙalai ne za su karanta ba masoya ba, wadda ta saba jan zance har fej ɗari za ta sha wuya kafin ta iya faɗin abu a shafi uku. Ni ina ganin ko ba za ka shiga gasa ba ya kamata ka riƙa gwada gajeren labari lokaci-lokaci, yana koya wa mutum jefar da abin da yake so amma ba ya da amfani.

Masu cewa ai mu ba mu yi karatu mai zurfi ba kuma, su dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma ta ajin manya ta ci gaba da neman ilimi, kuma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 sai da aka mai da shi fim, a 2012 kuma wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassararsa da Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi. Shekara ashirin da biyu tsakani fa. Wane labarin gurup ne muke rubutawa yau da wani zai nema bayan shekara ashirin? Abin da ya riƙe littafin nan shi ne ta rubuta rayuwar da ta sani, gidan auren Kano da kishi da wahalar mace da 'ya'ya, ba gidan sama a Dubai da ba ta taɓa shiga ba.

To bari in zo kan kuɗi don na san a nan hankalin da yawa yake, kuma ba laifi ba ne, mai aiki ya ci guminsa. Tsarin yanzu kowa ya san shi, a saki shafukan kyauta kamar goma, a tsaya daidai inda rai ya ɗaga, sai a ce ci gaba na kuɗi ne ga lambar asusu, a turo shaidar biya a sa mutum a gurup. Washegari kuma wata ta kwashe ta watsa a gurup goma, duk da Allah ya isa da aka rubuta da manyan baƙaƙe a saman kowane fej, wani kuma ya ɗauka ya karanta a YouTube yana samun nasa ba tare da ya ko yi sallama ba. Allah ya isa tana da muhallinta, amma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, akwai sabuwar doka da aka sa wa hannu a 2023, lambar shaidar littafi ta ISBN kuma a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, marubucin da ya ɗauki abin sana'a ya kamata ya san waɗannan kamar yadda ɗan kasuwa ya san kuɗin haya. In ɗan fim ya zo yana son labarinka a rubuta yarjejeniya a takarda a sa hannu da shaidu, ko da abokinka ne, ko da a masallaci ɗaya kuke salla. Sannan ka ajiye kwafin aikinka a wuri fiye da ɗaya, don OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai a intanet da marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kai, an rufe shi a ƙarshen 2023, manhaja ba gidan gado ba ce.

Kuma dan Allah kar wanda ya ajiye aikinsa ko karatunsa wai ya zama cikakken marubuci saboda littafi ɗaya ya yi kasuwa. Imam malamin makaranta ne sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma yana koyarwa ya yi nasa littafin, Abubakar Adam Ibrahim da ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala dubu 100 a 2016 aikin jarida yake. Wanda cefanen gidansa ya dogara da fej ɗin gobe dole ya rubuta abin da zai sa a biya da sauri, kuma mun ga inda hakan ya kai wasu, batsa tsirara ake sayarwa da sunan littafin matan aure, sunan da mutum zai ɓata a wata ɗaya ya yi shekaru bai wanke ba. Aikin ma ai shi ke ba ka labari, malamar asibiti ko mai shago a kasuwa ko ɗan adaidaita abin da suke ji a rana ɗaya ya ishi babi uku, in dai akwai ɗan littafin ajiya a aljihu ko a waya da ake rubuta maganar da aka tsinta kafin ta gudu.

Ƙungiyoyin marubuta kuma sun yi yawa har ba sa ƙirguwa, kowace da tambarinta da shugaba da ma'aji, amma kaɗan ne ake zama a karanta aikin mutum a gabansa a feɗe shi. Marubutan Kano na wajejen 1990 irin su 'yan ƙungiyar Raina Kama da kuɗin aljihunsu suke buga littafi su ɗauka su kai wa 'yan kasuwa da kansu, suna duba wa juna aiki, ga kuma ANA, ƙungiyar marubutan Najeriya da Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981 tana da rassa a jihohi ana zaman karatu, yaro ya je ya zauna ya ji yadda ake sukar na wasu ma karatu ne.

Roƙona gare ku Malam Edita shi ne ku ware mana ko rabin shafi ne duk sati na sharhin littattafan Hausa, har da na intanet ɗin, a samu wanda zai karanta littafi tun daga farko har ƙarshe ya faɗi inda ya yi kyau da inda ya rame, da hujja, ba tallan littafin ƙawa ba ba kuma cin mutunci ba. Malaman sashen Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna nan da ɗalibansu masu neman abin nazari, na tabbata in kuka buɗe ƙofa za a samu masu rubutowa, ni ma in an buɗe zan turo nawa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum, daga Funtuwa