A ba mu ɗan fili na bitar littattafan labarin zane

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Littattafan labarin zane da ɗana mai shekara 12 yake kwasowa su suka sa na ɗauki biro. Tunda daga aljihuna kuɗin yake fita, na ce sai na ga abin da ake zuba masa a ka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, ɗan Najeriya, da ya fito a 2017. Daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau aka tsinko labarin, har masarautar ma Azzaz aka raɗa mata. Raina ya yi fari da na ga baƙar mace da takobi a gaban runduna. Sai dai da Turanci aka rubuta shi. Ran nan yaron ya zauna a gefen tabarmar kakarsa yana fassara mata yana in'ina, ita da ta ji labarin Amina a bakin iyayenta, sai bin hoto take yi da yatsa. Wallahi abin ya sosa mini rai.

Na biyun sabo ne, watan jiya muka saye shi wajen masu baza littattafai a Kejetia, ba zan kama suna ba. Launi ya fita, labarin ma yana jan mutum. Amma ɗan zango ɗaya tak ne a ciki, shi ma mai gadi, kuma an zana masa babbar riga da matsattsen hannu, aikin wuyan an dasa shi a tsakiyar ƙirji. Shekara 20 ina kan keke: aska takwas a hagu take zama, kan aljihu, ta haura kafaɗa. Rawanin kuwa sai ka ce tawul aka naɗa. Me zai hana mai zanen ya leƙo unguwarmu ran Juma'a ya kalli dattawa?

Kamfanin Leti Arts da ke Accra sun mai da Ananse, Gizon tatsuniyoyin Akan, jarumin littafin zane. Mu ma ga Gizo da Ƙoƙi, ga Bayajidda da macijin Kusugu, suna jiran mai alƙalami.

Roƙona, Malam Edita, ku ware layi biyar ko shida duk mako: sunan littafi, farashinsa, shekarun yaron da ya dace da shi, da inda mai zane ya yi daidai ko ya kauce. In babu mai duba tufafin da aka zana, ni zan riƙa aiko muku da nawa.

Naku,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi