Mudun awo aka canza, ku gaya wa jama'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Talata tun daga farko har ƙarshe, kuma wallahi da takaici na kwana. Baƙonku ya yi ta nanata cewa hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024 zuwa kashi 24.48 a Janairun 2025, shi kuwa mai gabatarwa sai "to, madalla" yake ta yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi yadda aka yi kashi goma suka ɓace cikin wata guda ba.

Ai abin ba a ɓoye yake ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da bakinta ta ce ta sauya shekarar da take gwada farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake jera kayan da take lissafawa. Ban ga laifinta ba, ma'aunin da ya shekara 15 ya isa gyara. Laifin naku ne da kuka bar masu sauraro suna zaton kaya sun yi sauƙi. Ko da adadin ya sauko, farashi hawa yake yi, saurin hawan ne kawai ya ragu.

Ni ɗan tireda ne. Matar da a da take aiko yaro ya auno kwanon shinkafa, yanzu gwangwani biyu take saya, ta ce a rubuta. Sukari sai na ƙulla shi ƙanana a leda, in ba haka ba ya kwana. Littafin bashina ya cika, na sayi wani.

Haka aka yi a 2023, da rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1 don an ce wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako yana da aiki. Ɗana ya gama jami'a, yana taya ni zaman shago da yamma. A lissafin nan ma'aikaci ne, ni kuma nake ba shi kuɗin mota. Kuma da irin waɗannan alƙaluman gwamnati ke tsara kasafi, Babban Banki ke yanke kuɗin ruwa.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau shida na kira, katina ya ƙare, ba wanda ya ɗaga.

Naku,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Zariya